Saƙa Gyalen Leshi Mai Zanen Ganye da Kwarashi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa daga bakin masu saƙar da hannunsu ya faɗa a hular jarirai da safa, yanzu suna son gwada gyale marar nauyi mai zanen ganye. An faro daga na sabuwar shiga zuwa na wadda aikinta ya yi nisa. Da mace ake magana domin mata suka fi yawa a sana'ar, amma namijin da ke saƙa ya ɗauka har da shi.

Me ya bambanta wannan gyale da sauran saƙar da muka saba?

Rigar sanyi da bargon jariri ana saƙa su ne a matse don su tare iska. Gyalen leshi kuwa kusan rabinsa huji ne, kuma hujin shi ke fitar da zanen: inda aka cike da saƙa ya zama ganye, inda aka bari a buɗe ya zama sararin da ganyen ke kwance a kai. Wadda ta riƙe wannan ta fahimci dalilin kusan duk shawarwarin da ke ƙasa, wato siririn zare, kwarashin da ya fi zaren girma, da miƙarwa bayan an gama, inda ake jiƙa gyalen a kafe shi a shimfiɗe har ya bushe.

Zanen ganye tsoho ne a wannan sana'a. A ƙasar Ailan, lokacin babbar yunwar da ta faro a 1845, iyalai da yawa sun rayu da sayar da leshin kwarashi mai furanni da ganyaye. Shahararrun gyalen tsibiran Shetland, waɗanda saboda rashin kauri ake zura su ta cikin zoben aure, da na garin Haapsalu a Estoniya, da allurar saƙa biyu ake yin su, ba da kwarashi ba. Kada ki ga hotonsu ki sa ran naki zai yi sirantaka haka. Saƙar kwarashi ta fi kauri kaɗan, amma ta fi sauri, kuma ido ɗaya tak ke kan ƙugiya, don haka ba ta warwarewa da kanta.

Ban daɗe da fara saƙa ba. Zan iya?

Idan kin iya sarƙa, da gajeren ido marar naɗi, da dogon ido mai naɗi ɗaya, kin mallaki kusan duk abin da ake buƙata. Saura ƙari da ragi, kuma an bayyana su a tambayar yadda ake fitar da ganye. Abin da ke kayar da mutane ba wahalar idon ba ce, ƙirga ne. Wadda ba ta son ƙirga ta fara da gyale dogo, ta bar mai kusurwa uku sai karo na biyu.

Wane zare ya fi dacewa?

Kada ki tsaya ga sunan da aka buga a takardar zaren, ki duba mita nawa ke cikin giram 100. Zaren da ke da kusan mita 400 a giram 100 shi ne mafi sauƙin farawa: siriri ne amma ana ganin ido. Mai kusan mita 800 a giram 100 shi ne ainihin zaren leshi, gyalensa ba ya nauyi ko kaɗan, sai dai yana cin lokaci da idanu. Duk wanda ya gaza mita 300 a giram 100 ya yi kauri, zai ba ki mayafin hunturu ne.

Don zafinmu, auduga ta fi komai. A nemi mai sheƙi, wadda aka yi wa wankin soda irin dabarar da John Mercer ya gano a Ingila a 1844. Ba ta tashin gashi, kuma gefen kowane ganye yana fita tsaf. Zaren gora yana da laushi da sanyi a jiki, amma yana da santsi kuma yana ƙara tsawo in an daɗe ana yafawa. Ulu na gaske, irin na tumakin Merino, shi ya fi kowane zare karɓar miƙarwa, ya dace da mai zaune a Jos ko mai tafiya ƙasar sanyi. Zare mai gashi-gashi kuwa a bar shi tukuna, domin in an yi kuskure warware shi azaba ce.

Batun launi, ra'ayina a nan mai tsauri ne: launi ɗaya. Zaren da ke sauya launi kowane taƙi yana haɗiye ganyen gaba ɗaya, a yi wahalar banza. In ana son sauyi, a nemi wanda launinsa ke gangarawa sannu a hankali daga mai duhu zuwa mai haske. Baƙi da shuɗi mai duhu suna da kyau a jiki, amma a ƙarƙashin fitilar caji ba za ki ga inda za ki soka ba.

A kasuwarmu zaren roba na kayan jarirai kawai nake samu. Zai yi?

Zai yi, da sharaɗi biyu. Na farko, ki zaɓi mafi sirantar da ke shagon, ki kuma ƙara girman kwarashi. Na biyu, ki sani cewa zaren roba ba ya jin miƙarwar ruwa kawai, sai da tururi. Duba tambayar miƙarwa. Yana kuma riƙe zafi, gyalensa na hunturu ne, ba na watan Afrilu ba. Kafin ki haƙura da shi, ki leƙa wurin masu sayar da kayan ɗinki, ki tambayi zaren audugar da ake saƙa marufin tebur da shi, mai lamba 10 ko lamba 5. A wannan zaren, ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Lamba 5 tana yin gyale mai kyau.

Kwarashi mai lamba nawa?

Wanda ya fi abin da takardar zaren ta ce girma. Takardar tana nufin saƙa matsattsiya ne. Ga zare mai mita 400, a fara gwaji da milimita 3.5 ko 4. Ga mai mita 800, milimita 2.5 zuwa 3.5. Ga auduga lamba 10, wadda aka saba yi mata milimita 1.5 ko 1.75, a hau zuwa 2 ko 2.5.

Waɗannan lambobi mafari ne kawai, domin hannu ya bambanta. Ki saƙa ɗan gwaji mai ganye biyu a faɗi da biyu a tsawo, ki jiƙa, ki miƙe, ki bari ya bushe, sannan ki ɗora shi a bayan hannunki. In ya kwanta ya bi hannun, kin dace. In ya tsaya ƙiƙam, ƙara rabin milimita. In ganyen ya watse ba a gane siffarsa, rage. Mutane suna ƙyashin awa ɗayan da wannan gwaji ke ci, sannan su yi makonni suna saƙa abin da ba zai yafu ba.

Zare nawa zan saya?

Ƙaramin gyale na kafaɗa yana cin kusan mita 400. Babba mai kusurwa uku, wanda faɗinsa daga hannu zuwa hannu ya kai santimita 170 zuwa 180, zurfinsa kuma 75 zuwa 80, yana iya cin mita 700 zuwa 900. Dogo mai faɗin santimita 50 da tsawon 180 shi ma wajen haka ne. Ki saya gaba ɗaya a rana ɗaya, ki duba lambar rini a jikin takarda ta zama iri ɗaya, domin launi ɗaya da aka rina a lokuta dabam yakan bambanta, kuma a rana ake gane shi.

Akwai lissafin da ke yaudarar masu gyale mai kusurwa uku. Idan kin kai rabin zurfin da kike so, ba rabin zaren kika ci ba, kashi ɗaya cikin huɗu kika ci. Kowane layi ya fi na bayansa tsawo. Saboda haka in dunƙule ɗaya ya kai ki rabin zurfi, sai kin ƙara uku kafin ki gama. Mai ƙaramin sikelin kicin ta riƙa auna dunƙulen kafin layi da bayan layi, ta san cin kowane layi, ta ajiye na layi uku don baki.

Mai kusurwa uku ko dogo?

Dogo ba ya buƙatar ƙari a gefe: yawan ganyen da aka fara da shi, da shi za a gama. Aibinsa ɗaya, ganyayen duk suna kallon gefe guda, in an yafa ɓangare ɗaya ya kalli ƙasa ɗayan ya kalli sama. Maganinsa a fara daga tsakiya, a saƙa rabi, a dawo kan sarƙar farko a saƙa ɗaya rabin.

Mai kusurwa uku ana fara shi daga tsakiyar wuya da idanu kaɗan, a riƙa ƙari a wuri uku: gefen dama, gefen hagu, da layin tsakiya da ke bin gadon baya. A saƙar dogon ido cikakkiya, ƙarin yana kai wajen takwas a kowane layi, biyu-biyu a gefe, huɗu a tsakiya. Daɗinsa shi ne za ki iya tsayawa duk inda ganye ya rufe, in zare ya yi barazanar ƙarewa.

Yaya ake fitar da siffar ganyen?

Ganye tarin dogayen idanu ne da ke faɗaɗa sannan ya tsuke, da sarƙa biyu ko uku a kowane gefensa don raba shi da maƙwabcinsa. Ga misali mai sauƙi na layi bakwai. A layin farko, a zuba dogon ido uku a cikin huji ɗaya. A na biyu, a sa biyu a idon farko, ɗaya a tsakiya, biyu a na ƙarshe, sun zama biyar. A na uku a maimaita ƙarin, sun zama bakwai. Na huɗu a bi bakwai ɗin ba ƙari ba ragi. Daga na biyar a fara tsukewa: a haɗe biyun farko su zama ɗaya, a haɗe biyun ƙarshe, saura biyar. Na shida saura uku. A na bakwai a haɗe ukun gaba ɗaya, tsinin ganye ke nan.

Haɗewar ita ce a fara dogon ido a bar shi da madauki biyu a kan ƙugiya ba a rufe ba, a fara na gaba haka, sannan a naɗo zare a ja ta cikin duka lokaci ɗaya.

Sirrin da ke hana gyalen buɗewa da tsukewa shi ne a saɓa ganyayen. Lokacin da wannan ke raguwa daga bakwai zuwa biyar, sabon da ke tsirowa a tsakaninsa da maƙwabcinsa yana ƙaruwa. Abin da aka rage nan an mayar can, jimillar layin ba ta sauya ba. Da zarar idonki ya gane wannan, kin daina dogara da takarda, saƙar da kanta za ta riƙa gaya miki abin da ke gaba.

Ina son jijiyar tsakiyar ganye ta fito. Yaya zan yi?

Hanya biyu ce. Ko a mayar da ƙarin tsakiya maimakon gefe, a riƙa yin ido, sarƙa ɗaya, ido a wuri guda, sai jerin ƙananan huji ya bi tsakiyar ganyen. Ko kuma idon tsakiya a kama shi ta jikinsa, wato a zagaye sandarsa da ƙugiya maimakon a soka a kansa: ta gaba in fuskar gyale ke kallonki, ta baya in kin juya. Wannan yana tayar da jijiya sosai amma yana ƙara nauyi, ga shi yana sa gyalen ya zama mai fuska da baya. Ga gyalen zafi na fi son ta farko.

Na samo zane mai alamomi a intanet. Yaya ake karanta shi?

Alamomin kusan iri ɗaya ne a ko'ina, shi ya sa za ki iya bin zanen Japan ko Rasha ba tare da jin harshensu ba. Ɗan zagaye mai kama da ƙwai sarƙa ce. Alamar tarawa ko gicciye gajeren ido ne. Sanda mai hula da ɗan kara ɗaya da ya gitta jikinta dogon ido ne mai naɗi ɗaya. Mai kara biyu, naɗi biyu. Sandunan da suka haɗu a ƙasa suka buɗe a sama ƙari ne, waɗanda suka haɗu a sama ragi ne. Ana karantawa daga ƙasa, layi ɗaya daga dama zuwa hagu, na gaba daga hagu zuwa dama. Bahaguwa ta juya wannan.

In bayanin rubutacce ne da Turanci, ki fara binciko na Amurka ne ko na Ingila. Abin da Amurkawa ke kira dobul, wato mai naɗi ɗaya, shi Turawan Ingila ke kira tirebul, dobul ɗinsu kuma gajeren ido ne. In kika ga kalmar singil a ciki, na Amurka ne.

Na yi nisa amma abin a cukurkuɗe yake, bai yi kama da hoton ba. Na ɓata ne?

Mai yiwuwa ba ki ɓata komai ba. Leshin da ke kan kwarashi kullum a tattare yake kamar busasshiyar kuɓewa, hoton da kika gani kuwa an ɗauke shi ne bayan miƙarwa. Ki shimfiɗa wani ɓangare a cinya ki ja shi da yatsu. In ganyen ya bayyana, ci gaba. In ko da an ja bai buɗe ba, kwarashin ya yi ƙanƙanta. Koma tambayar lambar kwarashi.

Yaya ake miƙarwar?

Ga auduga, gora, siliki da ulu: a jiƙa gyalen cikin ruwa marar zafi na minti 15 zuwa 20 har ya sha sosai. A ɗago shi a dunƙule da hannu biyu, kada a bar shi yana reto. A matse a hankali ba murɗawa, a naɗe cikin tawul a danna. Sai a shimfiɗa shi kan katifar da aka rufe da tsohon zane mai tsabta. A fara kafe gefen sama ya miƙe sak, sannan tsinin ƙasa, sannan kowane tsinin ganye na baki da fil ɗinsa, ana aunawa da tef don dama da hagu su daidaita. Fil ɗin ya zama marar tsatsa, domin tabon tsatsa a farar auduga ba ya fita da sauƙi. Don gefen sama, zura zare mai ƙarfi ta cikin idanun a ɗaure shi tamau ya fi jera fil hamsin.

Kada a cire sai ya bushe ƙarau. Da hunturu wuni ɗaya ya isa, da damina a kunna fanka a ba shi kwana biyu. A inuwa, ba a rana ba.

Zaren roba kuwa a kafe shi a bushe, a riƙe dutsen guga mai tururi sama da shi da kamar yatsa biyu, kada ƙarfen ya taɓa shi. Mai dutsen gawayi ta shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a kai, ta kusanto da dutsen ba tare da dannawa ba. Zafin yana sauya zaren roba har abada: zai yi laushi ya kwanta, amma ba ya komawa yadda yake. A gwada a kan ɗan gwajin nan tukuna.

Gefen sama yana lanƙwashewa, ko baki yana tattarewa. Me ya jawo?

In gefen sama ya ja ya yi baka, sarƙar juyawa, wato wadda ake yi a farkon kowane layi bayan an juya aikin, ta yi gajarta ko ta matse. A yi huɗu maimakon uku. In tsakiyar gyalen ta tashi ta ƙi kwanciya, ƙarin bai isa ba, wataƙila kina tsallake shi a wasu layuka. In baki ya yi tattara, ƙarin ya yi yawa. Kaɗan daga kowanne miƙarwa tana gyarawa. Mai yawa sai warwara.

Na hango kuskure layi biyar a baya. Dole in warware?

Ki ƙirga layin da kike kai. In adadin daidai ne, kuskuren kuma yana cikin sarƙoƙin sarari, bar shi. In a jikin ganye yake har ya gurgunta siffarsa, ko a layin tsakiya, warware, domin miƙarwa tona shi za ta yi. Don gaba, ki ɗaura guntun zare mai wani launi a idon tsakiya da farkon kowane ganye na uku ko na huɗu, ki riƙa ƙirgawa tsakanin alama da alama.

Ina zan haɗa sabon zare, tunda ko'ina huji ne?

A cikin ganye, inda ya fi faɗi, ko a gefe. Kada a haɗa a kan sarƙa, ba wurin ɓoye bakin zare. A bar jela kamar santimita 15, a zura ta da allura cikin gindin idanun, a je a dawo. Ba a ƙulli. Kada kuma a yanke ragowar sai bayan miƙarwa, in ba haka ba bakin zai zame ya leƙo.

Wane baki ya dace, kuma za a iya sa duwatsun ado?

Mafi kyau a bar layin ganyayen ƙarshe su zama bakin da kansu, a ɗora ɗan tsini a kan kowanne: sarƙa uku a mayar a rufe a ta farko. Geza tana ja, tana kuma sarƙewa a wanki.

Ƙananan duwatsun gilashi suna ba baki ɗan nauyin da zai sa ya sauka da kyau. Ba sai an jera su a zare tun farko ba: a ɗauki dutse da siririn kwarashin ƙarfe na milimita 0.6 ko 0.75, a cire madaukin daga babbar ƙugiya, a ja shi ta cikin dutsen, a mayar. Ɗaya a kowane tsini ya wadatar. A jiƙa 'yan kaɗan a ruwan sabulu tukuna, a ga ko launinsu na zuba.

Zai yi mayafin fita unguwa?

Shi kaɗai ba ya rufe jiki, ana hango abin da ke ƙasa ta hujin. Ana ɗora shi ne a kafaɗa kan abaya ko doguwar riga, ko kan mayafi marar ado mai launin da zai fito da ganyen. Wadda ke son ya ƙara rufewa ta rage sarƙoƙin tsakani daga uku zuwa ɗaya, ta faɗaɗa ganyen zuwa tara. Nauyi zai ƙaru, zare ma haka. A sake duba lissafin da ke tambayar yawan zare.

Wanki da turare da ajiya fa?

Da hannu, a ruwa marar zafi, da sabulu mai laushi ko shamfu. Ba cuɗawa, ba bilic, ba shanya a igiya, domin nauyin ruwa zai ja shi ya zama wani abu dabam. Ruwan zafi da cuɗa suna dunƙule ulu, kuma ba ya dawowa. Bayan kowane wanki auduga da ulu suna son a sake shimfiɗa su, ko da ba a kafe sosai kamar karon farko ba.

Wurin turara shi a kabbasa, garwashin ya zama ya lafa, gyalen kuma ya yi nesa da kasko, musamman na roba, wanda ke narkewa. Turaren mai yana barin tabo a farin zare. A ninke a ajiye cikin jakar yadi, ba a rataye ba.

Ɗan kunne ya kama zare ya jawo shi waje. In yanke?

A'a. Zaren da ya fito aro ya yi daga idanun da ke kusa, shi ya sa za ki ga sun tsuke. Ki shimfiɗa wurin, ki ja shi a hankali ta faɗi da ta tsawo, sannan da bakin allura marar tsini ki riƙa mayar wa kowane ido rabonsa, daga na kusa zuwa na nesa. Abin da ya saura ki tura shi baya ki ɓoye cikin ganye mafi kusa. In zaren tsinkewa ya yi, a kama madaukin da ya kuɓuce da fil nan take, a ɗauko ragowar zaren da aka yi aikin da shi a ɗinke ta baya. Kaushin hannu na hunturu da zobe mai ƙaya suna yin irin wannan ɓarna tun ana saƙa, don haka a cire zobe, a shafa mai a bari ya shige fata kafin a ɗauki siririn zare.